William Moon, Makahon da Ya Kai wa Manya Karatu Har Gida

Karatunmu: Yahaya 9:1-7, Matiyu 25:14-30

 

A gidajenmu da yawa akwai wani dattijo ko wata tsohuwa da ke zaune a kan tabarma tun safe har faɗuwar rana. Dā shi ne mai riga kowa zuwa gona. Dā ita ce mai tayar da waƙa a zumuntar mata. Sai ido ya fara yin hazo, a hankali a hankali har ya rufe. Ana ba su abinci, ana gaishe su, amma ba a ƙara sa su wani aiki, ba a kuma zuwa ko'ina da su. In an tashi tafiya biki ko sujada, sai a ce su yi tsaron gida. Yaron da aka haifa makaho wani lokaci yakan sami mai kai shi makaranta. To, wanda ya makance yana da shekara arba'in ko sittin fa, wa ke tunawa da shi?

Labarinmu na wannan karo na wani bawan Allah ne da ya tuna da irin waɗannan mutane, ya kuma ba da shekara hamsin na ransa dominsu. Shi kansa makaho ne.

Ƙuruciyarsa

An haifi William Moon ranar 18 ga Disamba 1818 a wani ƙauye mai suna Horsmonden, a yankin Kent na ƙasar Ingila. Yana ɗan shekara huɗu wani mugun zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje ya kama shi. Ya tashi daga ciwon, amma ido ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ya raunana ƙwarai. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Da wannan ɗan ragowar gani ya yi makaranta, yana da buri ɗaya a zuciyarsa, wato ya zama mai hidimar bishara.

Sa'ad da ya kai shekara 21 ragowar ganin ma ya tafi. Karatun da yake yi domin hidima ya tsaya. Ya koma wurin mahaifiyarsa gwauruwa a Brighton, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Ku duba halin da yake ciki. Ga saurayi mai ilimi, mai son Maganar Allah, amma Littafi Mai Tsarki yana hannunsa ba ya iya karanta ko layi ɗaya. A zamanin nan yawancin makafin Ingila talakawa ne, abin da ke jiransu shi ne bara ko gidan gajiyayyu.

William bai zauna yana makoki ba. Ya nemi irin littattafan da ake bugawa da haruffa masu tudu, waɗanda ake shafawa da yatsa, ya koya wa kansa karanta su. Da ya iya, sai ya shiga neman makafin garin gida gida, yana tara su yana koya musu.

Wahalar da ya gani

A lokacin akwai hanyoyin rubutun makafi iri iri a Ingila, kowace da sunan wanda ya ƙago ta. Waɗansu sun ɗauki haruffan boko yadda suke suka ba su tudu kawai. Ido yana rarrabe su da sauƙi, amma yatsa yana ruɗewa cikin lanƙwashe-lanƙwashensu. Waɗansu kuma sun yi amfani da alamu na gajerce kalmomi, waɗanda sai mutum ya haddace ƙa'idodi masu yawa kafin ya karanta jimla ɗaya. William ya fara koyarwa da ɗaya daga cikin irin waɗannan, wadda wani mai suna Frere ya tsara. Ɗalibansa da yawa suka yi ta fama har suka fid da zuciya.

Nan ne ya lura da wani abu da mutane da dama ba su kula da shi ba. Yawancin makafi ba yara ba ne. Manya ne waɗanda suka makance bayan sun yi shekaru suna aiki, masunta da maƙera da magina da mata masu wanki. Hannuwansu sun yi kanta, yatsunsu ba sa jin ƙananan alamu. Ga tsufa, haddar sababbin ƙa'idodi tana yi musu nauyi. Makarantun makafi kuwa yara suke ɗauka. Saboda haka mafi yawan masu bukata su ne aka bari a baya.

Ya duƙufa da addu'a da gwaji, har a shekarar 1845 ya fito da tasa hanya. Dabararsa ita ce ya sauƙaƙa. Haruffan da siffarsu ba ta da wuya, kamar O da L da C da V, ya bar su yadda suke. Waɗansu ya rage musu kaya: ya cire sandar da ke tsakiyar A, ya cire miƙaƙƙen layin D ya bar bakan kawai. 'Yan kaɗan da suka ƙi raguwa ya yi musu sababbin alamu masu sauƙi. Duka haruffan manya ne, masu kauri, da tazara a tsakaninsu. Wanda ya taɓa sanin boko kafin ya makance yakan ji kamar ya gamu da tsofaffin abokai.

Ya kuma yi wata dabara game da layi. Mai karatu da yatsa yakan ɓata in ya kai ƙarshen layi yana neman farkon na gaba. Sai William ya sa layi na farko ya tafi daga hagu zuwa dama, na biyu ya dawo daga dama zuwa hagu, da wata 'yar alama mai lanƙwasa a gefe wadda take jan yatsa ta sauko da shi. Kamar dai yadda mai huɗa da shanu yake kaiwa ƙarshen kunya ya juyo a ta kusa da ita.

Shi kansa ya ba da labarin wani yaro da ya yi shekara biyar yana fama da tsofaffin hanyoyin bai iya ba, amma da sabuwar hanyar cikin kwana goma ya fara karanta gajerun jimloli.

Gidan da ya zama maɗaba'a

William ya auri Mary Ann Caudle, 'yar wani likita a Brighton. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Robert a 1844 da Adelaide a 1845. Ba su da wadata a shekarun farko, kuma cikin gidansu aka fara buga littattafan. A 1847 na farkonsu ya fito, ɗan ƙaramin littafi a kan kwanakin ƙarshe na Polikarp, dattijon ikkilisiyar farko da aka kashe saboda bangaskiyarsa.

Domin kada a riƙa jera haruffa daga farko duk lokacin da ake son sabon kwafi, sai ya samo hanyar lanƙwasa wayar tagulla ta zama haruffa, a manna su a kan fallen ƙarfe. Da wannan falle ake danna takarda mai kauri, tudun ya fito. Falle ɗaya shafi ɗaya, kuma ana iya ajiye shi a sake amfani da shi shekara da shekaru.

A 1848 ya fara aikin da ya fi kwanta masa a rai, wato buga Littafi Mai Tsarki duka. Shekara goma ana yi, aka gama a 1858. Da yake haruffan manya ne takardar kuma mai kauri, sai ya fito cikin manyan littattafai wajen 60. Ba abin da mutum zai saƙala a hammata ya tafi sujada ba ne.

Cikin waɗannan shekaru Allah ya haɗa shi da wani mai arziki, Charles Lowther, wanda shi ma makaho ne tun yana jariri. Lowther ya koyi rubutun, ya ji daɗinsa, ya zama aboki da mai tallafa wa aikin har ƙarshen ransa. Shi ne ya aza harsashin ginin maɗaba'ar a 1856, kusa da gidan William a Brighton. Ban da Littafi Mai Tsarki, an buga littattafan tarihi da na lissafi, da taswirori masu tudu, da zanen rana da wata da taurari, domin makaho ya shafa ya san siffar duniyar da yake ciki.

Zumunci a ƙafa yake

Buga littafi wani abu ne, kai shi hannun mai bukata kuma wani abu ne dabam. Tsohon da ya makance ba zai tashi ya tafi aji ba. Sau da yawa ba shi da ɗan jagora, ba shi da kuɗin sayen littafi, kunya ma tana hana shi fita. William ya ga cewa in ɗalibi ba zai iya zuwa ba, dole malami ya je.

A 1855, tare da wata baiwar Allah da ake kira Miss Graham, aka kafa ƙungiyar koyar da makafi a gida a birnin Landan. Tsarinta ba shi da wuya. Malami zai bi unguwa yana tambaya ina akwai makaho. In ya same shi zai zauna kusa da shi, ya kama yatsansa ya aza a kan takardar haruffa. Zai riƙa dawowa har mutumin ya iya. Daga nan sai a ara masa littafi kyauta, in ya gama a kawo wani a karɓi na farko. Da haka littattafai masu tsada suka riƙa zagaya gidajen talakawa.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin malaman nan makafi ne. Wannan ya yi amfani ta hanya biyu. Malamin ya sami aikin yi da albashi. Ɗalibin kuma ya rasa hujjar cewa ba zai iya ba, gama wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ratso gari bai ga hanya ba shi ma. Irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu a garuruwan Birtaniya, har suka kai Ostareliya da Amurka.

William ya fi mai da hankali ga karatu. Amma a zamaninsa akwai wata makauniya, Elizabeth Gilbert, 'yar bishop na Chichester, wadda tun 1854 ta fara taimakon makafi manya su yi kwanduna da tabarmi da burushi, ana saya daga hannunsu ana sayarwa. Da tafiya ta yi tafiya hanyoyin biyu suka haɗu. Malaman gida suka riƙa koyar da saƙa da sauran sana'o'in hannu, da yadda makaho zai kula da kansa da gidansa. Daga wannan tushe ne aikin horar da makafi manya na ƙasashe da dama ya tsiro.

Iyalin da suka yi tafiya tare

Ko da yake ba ya gani, William bai zama mutumin ɗaki ba. Iyalinsa ne suka zama masa ido a hanya. Daga shekarar 1858 ya fara ƙetare teku zuwa Holan da Jamus domin ya nuna rubutunsa, ɗan jagoransa kuwa Robert ne, yaro ɗan shekara goma sha huɗu. Uba ya san abin da zai faɗa wa malamai da manyan gari. Ɗa kuma ya san inda matakalar jirgi take da inda za a juya. Kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa.

Mary Ann ta rasu a 1864. Bayan shekara biyu William ya auri Anna Maria Elsdale. Adelaide kuwa ta girma ta zama hannun daman mahaifinta a maɗaba'a da wajen rubuce-rubuce.

A 1882, yana da shekara 63, ya hau jirgin ruwa tare da Adelaide suka ƙetare tekun Atalantika zuwa Amurka. A birnin Filadelfiya suka sadu da John Rhoads, wani ma'aikacin ƙungiyar rarraba Littafi Mai Tsarki, aka kafa ƙungiyar koyarwa a gida da ɗakin aron littattafai kyauta domin makafi. Robert, wanda ya taso yana jan hannun mahaifinsa, ya zama likitan ido. Daga baya ya koma Filadelfiya da zama, ya riƙe wannan aiki a can.

Masu aikin bishara a ƙasashe masu nisa suka riƙa aiko masa da nassosi cikin harsunan da suke aiki da su, shi kuma yana daidaita haruffansa da su. Kafin ya rasu an buga wani abu da rubutunsa cikin harsuna fiye da 400, ko da yake a yawancinsu Addu'ar Ubangiji ce ko ɗan gajeren nassi. A 1871 wata jami'a a Filadelfiya ta ba shi digirin girmamawa, aka shiga kiransa Dokta Moon.

Iyakar aikinsa da ƙarshen ransa

Gaskiya ita ce rubutun Moon yana da kasawa. Littattafansa suna da girma da tsada. Babbar matsalar kuma, makaho yana iya karanta shi amma da wuya ya rubuta shi da hannunsa. A Faransa wani makaho mai suna Louis Braille ya riga ya fito da rubutun ɗige-ɗige tun 1829, wanda ake iya karantawa a kuma rubuta. Bayan da Dokta Thomas Armitage ya kafa ƙungiyarsa ta makafi a Landan a 1868, aka gwada hanyoyin duka, aka zaɓi na Braille domin makarantu. Shi ne ya game duniya har yau. Duk da haka ba a yar da na Moon ba, gama tsofaffi da masu kantar hannu sun fi iya shi. A yau masu amfani da shi kaɗan ne, yawancinsu a Birtaniya. Amma al'adar bin makaho babba har gida a koya masa ta wanzu.

A 1892 ciwon shanyewar jiki ya same shi. Ya rasu a Brighton cikin watan Oktoba 1894 yana da shekara 75. Abokinsa Lowther ya bi shi a wannan shekara. Adelaide ta ci gaba da tafiyar da maɗaba'ar har ta rasu a 1914, sa'an nan aikin ya koma hannun babbar ƙungiyar makafi ta ƙasar.

Abin da za mu koya

A Yahaya sura 9 almajirai sun ga makaho suka fara binciken wanda ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya kawar da wannan tambaya, ya nuna musu cewa aikin Allah ne za a bayyana a kan mutumin. Wancan makaho ya sami ganinsa. William Moon bai samu ba, ya yi shekara fiye da hamsin cikin duhu har ya mutu. Duk da haka aikin Allah ya bayyana a kansa. Shi da kansa yakan ɗauki makantarsa a matsayin talanti da Ubangiji ya damƙa masa domin ya juya, kamar bayin da muka karanta a Matiyu 25. Da yana gani, mai yiwuwa da bai taɓa sanin abin da yatsa mai kanta yake iya ji ba.

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ido ya rufe maka ko ya rufe miki, in wani ne yake karanta wannan da ƙarfi domin ka ji, ka sani Ubangiji bai sallame ka daga aiki ba. Hannu yana nan, kunne yana nan, hankali da sanin duniya suna nan.

Mu kuma masu gani, talantin da ake tambayarmu shi ne mutumin nan da ke kan tabarma. Ga abin da kowane gida da kowace ikkilisiya za su iya yi.

Da fari, a kai shi asibitin ido a duba. Yanar ido tana cikin manyan abubuwan da ke makantar da tsofaffi, kuma likita yana cire ta da ɗan gajeren aiki. Kada a yanke cewa tsufa ne kawai a zauna.

In ganin ba zai dawo ba, a mayar masa da aiki a hannu. Tufkar igiya, saƙar tabarma da faifai, ɓarar gyaɗa, kiwon kaji da awaki, ɗan tebur na ciniki a ƙofar gida, duk makaho yana yinsu. A nemi makahon da ya riga ya ƙware ya zo ya koya masa, a biya malamin ladansa, ikkilisiya kuma ta zama ta fari wajen sayen kayan. A bar kayan ɗakinsa inda ya saba samunsu. A sa masa Littafi Mai Tsarki na sauraro cikin waya ko rediyo, wanda yake so ya koyi rubutun Braille kuma a nema masa mai koyarwa.

Sa'an nan a fita da shi. A je da shi sujada, da suna, da biki, da kasuwa, da ganin gida lokacin Kirsimeti. In za ka yi masa jagora, ka faɗi sunanka tukuna. Kada ka tura shi gaba ko ka fizge shi. Bari shi ya kama hannunka sama da gwiwar hannu, kai kana gaba da rabin taki. Ka faɗa masa in akwai rami ko dakali ko kwata. A cikin mota ka riƙa gaya masa garin da aka wuce da yadda hatsi ya yi a gonaki. In an zauna a taro ka gaya masa waɗanda suke wurin, kada kuma ka tashi ka bar shi ba sallama yana magana da iska. Kada a ɗora wa yaro ɗaya jagora har ya rasa makaranta. A raba aikin tsakanin 'yan gida, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattawan ikkilisiya, ku ƙirga membobinku da suka daina zuwa sujada saboda ido. Ku rubuta sunayensu. Ku sa wanda zai je wurin kowannensu cikin wannan mako.

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, mun gode maka domin bawanka William Moon da iyalinsa, da dukan waɗanda suka bi gida gida suna koyar da makafi. Ka gafarta mana inda muka bar 'yan'uwanmu su kaɗai a ɗaki. Ka ƙarfafa zuciyar duk wanda ganinsa ya tafi, ka nuna masa aikin da ka ajiye dominsa. Mu kuma ka ba mu ƙafar zuwa da haƙurin koyarwa. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.